Ni da Baba da Matuƙin Jirgin Roba

Ni 'yar fari ce, kuma duk wanda ya tashi a gidan Fulanin Yola ya san abin da wannan yake nufi. Babana bai taɓa kiran sunana ba. Bar ta suna ma, ko "ke" bai taɓa ce mini ba. In yana son ruwa, kuma ni kaɗai ce a tsakar gida, sai ya dubi darbejiyar da ke bakin rijiya ya ce, "Yau gidan nan babu mai ba mutum ruwa ne?" In na kawo na durƙusa, sai ya karɓa yana kallon katanga, ya ce wa katangar, "Madalla." Kunyar ɗan fari ke nan. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya gaya mini haka, ni ma na sani. Amma sanin bai hana ni jin haushi ba, musamman in na ga ƙanena, wanda ko majinarsa bai iya sharewa ba, ya haye cinyar Baba yana ja masa gemu, shi kuwa yana kiran sunansa har da lanƙwasa murya.

A Jimeta muke zaune, kusa da bakin kogi, saboda Baba akawu ne a wani kamfani mai sayen gyaɗa da auduga. Lokacin ba a daɗe da yanka mu cikin Jihar Arewa maso Gabas ba, Maiduguri ta zama babban birninmu. Ni kuwa na ci jarrabawa, aka ce makarantar 'yan mata ta kwana zan tafi can Maiduguri da zarar hutu ya ƙare. Kowa yana taya ni murna, ni abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Na rantse a zuciyata cewa kafin in haye Binuwai sai mutumin nan ya dube ni ido da ido ya yi mini magana, ko da kalma ɗaya ce. Ban gaya wa kowa ba, don na san Dada, mahaifiyata, in ta ji sai ta ce na fitsare.

Ana cikin hutun ne Baba ya dawo daga aiki da wani kwali ɗaure a bayan kekensa. Baturen da ke shugabancin kamfaninsu zai koma ƙasarsu, yana kwashe kaya ya ci karo da shi. Wai ya sayo wa ɗansa ne, ɗan kuwa bai taɓa zuwa Yola ba, sai ya miƙa wa Baba. A jikin kwalin an zana wani ƙaton jirgin sama na yaƙi, irin mai jefa bom, injinsa huɗu, yana keta gajimare, wuta na tashi a ƙarƙashinsa. Kai! Yaran unguwa tun daga bakin titi suka biyo keken. Baba ya jingine shi, ya ɗaga murya ya ce jirgin na ƙanena ne. Na wa zai zama dā?

Aka shimfiɗa tabarma, aka buɗe kwali. Babu jirgi a ciki. Wasu tarkacen roba ne masu launin toka, ƙanana-ƙanana, manne a jikin wasu sanduna kamar ƙayar kifi bayan an cinye naman. Sai wata takarda mai zane-zane, da ɗan bututun gam wanda bai kai ɗan yatsana ba. Dada ta leƙo daga bakin murhu, ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. Baturen nan jirgin da ya riga ya faɗo ya ba ka?" Ƙanena ya fashe da kuka, yaran unguwa suka watse suna tsaki. Baba ya sha mur ya ce, "Haɗawa ake yi." Ya tattara kayansa ya shige ɗakinsa da ke jikin zaure.

Daga ranar, kullum in ya dawo daga sallar la'asar sai ya kulle kansa a ɗakin. Ni kuma tsintsiya ta zama ƙawata. Ƙofar ɗakin nan na share ta har ƙasa ta fara rami, ina shara ina leƙe ta tsagar ƙyaure. Abin dariya, abin tausayi. Baba mutum ne mai manyan hannuwa, yatsunsa kamar saiwar rogo. Zai yanko ɗan abu da reza, ya ɗauko shi da ƙyar, ya shafa gam, sai abin ya tsalle ya ɓace cikin tabarma. Sai ka ga babban akawu a rarrafe, gindi sama, yana laluben kujerar matuƙi da ba ta kai ƙwayar masara ba. Ran nan ya fito sallar magariba da wata 'yar farfela manne a gemunsa, Dada ta gani ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Ni kuwa a unguwarmu an san ni da yatsu. Ni nake zura wa tsofaffi zare a allura, ni nake shirya wa 'yan mata tsakiyar jigida. Baba ya san da haka. Wata rana ina cikin sharar ƙaryata sai na ji ya yi gyaran murya, ya ce wa ƙyauren ɗakinsa, "Da a ce gidan nan akwai mai ƙananan yatsu, da aikin nan ya yi sauri." Wallahi ban san inda na jefar da tsintsiyar ba. Na yi sallama na shiga, na zauna a gefen tabarma, kaina a sunkuye, bakina har kunne.

Da farko ƙanena aka ɗauka tafinta, da alewa aka saye shi. Aka zaunar da shi tsakaninmu, Baba ya ce, "Gaya wa Addarka ta riƙe nan," wato yayarsa, ni ke nan. Shi kuma ya juyo gare ni, ni da gwiwata ta kusa taɓa ta Baba, ya kurma ihu, "Adda, wai ki riƙe nan!" Da alewa ta ƙare tafinta ya ajiye aiki ya bi 'yan wasan langa. Muka rage mu biyu, ga rabin cikin jirgi a hannuna, ga gam yana bushewa. Na ce yau dai babu makawa, dole ya yi mini magana.

Ashe ban san Baba ba. Ya duba cikin tarkacen nan ya zaro wani ɗan mutum na roba, a zaune, da hular kwano da tabarau, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba. Ya kafa shi a kan murfin kwalbar tawada, ya gyara masa zama, ya ce cikin ladabi, "Malam matuƙi, don Allah gaya wa mai riƙe da jirginka a ɗan matsa hagu." Na dubi ɗan mutumin nan, na dubi Baba, shi ko a jikinsa. Na matsa hagu. Ya ce, "Malam matuƙi, a ce an gode." Na cije leɓe na ce, "Malam matuƙi, a ce babu komai." Haka muka samu sabon tafinta wanda ba ya shan alewa.

To fa, sai hira ta ɓarke. Ni da na shekara goma sha uku ban ji zancen Baba ya wuce na ruwa da buta ba, sai ga shi yana zuba kamar an kunna rediyo. Ya ba Malam matuƙi labarin ranar da ya fara ganin jirgin sama ya sauka a filin Yola, yadda ya ruga ya ɓuya a bayan jaki. Ya ba shi labarin daren samun 'yancin kai, yadda aka raba musu 'yan tutoci shi ya yi wa Dada mafici da tasa. Ya tambaye shi ko mai ƙananan yatsu tana tsoron tafiya Maiduguri. Na ce a gaya masa ba na tsoro. Ya ce Malam matuƙi ya ce ƙarya ne. Muna yi muna aiki. Shi yake karanta zanen ya yanko abin da ke biye, ya kankare bakinsa da reza, ni kuma in ɗauka da matsefatar cire ƙaya, in ɗiga gam da tsinken tsintsiya, in ɗora, in riƙe ina hura masa iska har ya kama. Fukafukai kuwa sai da muka ɗaure su da zaren kitson Dada suka kwana.

Gam ɗin nan ma nasa labarin daban ne. Baba yana rufe ƙofa da taga, don kada wani baƙo ya leƙo ya ga akawun kamfani yana wasan yara. Warin gam kuwa mai ƙarfi ne, wani zaƙi-zaƙi da ke hawa kai. Bayan ɗan lokaci sai ka ji kanka ya yi sakayau, komai ya zama abin dariya. Wata rana farfela ta faɗa cikin shayin Baba, muka tsaya muna kallonta tana yawo a sama. Baba ya juya wa bango fuska yana ƙyaƙyatawa har da buga ƙafa, ni na cusa mayafi a baki ina birgima. Dada ta zo ta bubbuga ƙofa ta ce ko dai mu buɗe taga ko ta kira mai ruƙiyya.

Daɗi kam na ji shi, ba zan ɓoye ba. Amma rantsuwata tana nan, kuma kwanaki suna tafiya. Duk hirar nan da ɗan roba ake yi, ba da ni ba. Sai na shiga ƙulla dabaru.

Na fara da ɗora wutsiyar jirgi a juye da gangan, na ce in ya ga za a yi ɓarna ai zai daka mini tsawa. Ya duba, ya shafa gemu ya ce, "Malam matuƙi, a garinku haka tsuntsaye suke, jela na kallon ƙasa?" Na gyara ina ƙunƙuni. Kashegari na riga shi shiga ɗakin, na sace matuƙin na ƙulle shi a bakin ɗankwalina. Baba ya zo ya duba kan murfin tawada, wayam. Ya tona kwali ya fito da wani ɗan mutumin, mai zama a wutsiya da bindiga, ya kafa shi ya ce, "Malam mai bindiga, ina maigidanka ya shiga? Ko an yi garkuwa da shi ne?" Haba! Rana ta gaba na kwashe su duka, matuƙi da mai bindiga da wani na uku da ban san aikinsa ba, na zuba su a tukunyar kwallin Dada.

Ran nan na ga Baba ya rikice. Ya zazzage kwali, ya ɗaga tabarma, ya leƙa cikin takalminsa. Babu kowa. Ya zauna. Na ɗago kai kaɗan, na shirya kunnuwana. Ya yi gyaran murya, ya buɗe baki, ya ce, "Ke!" Sai na ga hannunsa riƙe da tayar jirgi, ya ɗaga ta daidai hancinsa. "Ke taya, ki gaya wa ɓarawon sojoji cewa in bai dawo da su ba, yau ba a ɗora farfela." Taya fa! Tayar roba ta samu abin da ni ban samu ba. Haushi da dariya suka haɗu suka shaƙe ni, na tashi na ɗauko masa mutanensa, duk sun yi baƙi ƙirin da kwalli. Ya ce wa taya ba laifi, daga fagen fama suke.

Sau ɗaya ne dariya ta ɗauke a kan jirgin nan, ranar da muka iso ga bama-bamai. Wasu 'yan ƙulle-ƙulle ne masu kama da ƙwallon dabino, za a jera su a cikin cikin jirgin. Na fito da su tsakar gida ina kankarewa, Dada ta tambaye ni mene ne, na gaya mata. Lokacin yaƙin basasa ake yi, kuma Kawu, ƙaninta da take ji da shi, yana can bakin daga, an daɗe ba a ji daga gare shi ba. Ta ajiye muciya ta je ƙofar ɗakin Baba ta tsaya. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Jirgi dai ku yi abinku. Amma waɗannan ba za su kwana a gidana ba." Baba bai yi musu ba. Ya kwashe su daga kan tabarmar da na ajiye su, ya fita da su, ban sake ganinsu ba. Da ya dawo ya gaya wa Malam matuƙi cewa an canja masa aiki, daga yau dakon hatsi zai riƙa yi. Muka ɗebo gero a rumbun Dada muka cika cikin jirgin, muka manne ƙofar. In ka girgiza shi sai ya riƙa kacau-kacau, har Dadar ma sai da ta murmusa.

Da jirgi ya tashi sosai, fukafukai sun kama, injuna huɗu sun zauna, an saka Malam matuƙi a kujerarsa an rufe shi da gilashi, sai Baba ya ce a gwada. Ya ɗaga shi sama da hannu ɗaya, ya kama zagaya ɗaki yana "wuuuu" da baki, babbar rigarsa na tashi. Ni kuma na kwanta a bayan buhun gero da muciya, wai ni ce mai harbo shi, ina "tau! tau! tau!" Ba mu ji sallama ba sam. Ƙofa kawai muka ga ta buɗe, sai ga Maama, kakata, uwar Baba, tsaye da sandarta. Daga Yola Gari ta taso ba sanarwa, ta zo yi mini sallamar tafiya makaranta.

Tirƙashi! Maama ita ce mai riƙe da al'ada a danginmu, in ta kalle ka sau ɗaya sai ka tuna duk laifin da ka yi tun bara. Ga ɗanta da furfura a gemu yana kukan jirgi, ga shi a ɗaki ɗaya da 'yar farinsa suna sheƙa dariya. Baba ya zube ƙasa ya durƙusa yana gaisuwa, jirgi na hannunsa a sama ya manta bai sauke ba, gero na ta kacau-kacau. Na ce yau mun shiga uku.

Sai dai akwai abin da na manta. Baba ma ɗan farin Maama ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana, ko faɗa ba ta iya yi masa kai tsaye. Ta amsa gaisuwarsa tana kallon ƙyaure. Ta juyo kaina, don ni jika ce, da ni take wasa, ta ce, "Ke mummuna, gaya wa mutumin nan mai gemu cewa an ji kunya." Na ce, "Maama, ta ina zan gaya masa? Ni ma ai ba ya magana da ni." Ta ce, "To da wa yake wannan haukan?" Na nuna mata gaban jirgin na ce da wancan.

Ta miƙa hannu, Baba ya ɗora mata jirgin kansa a ƙasa. Ta kai shi kusa da idonta mai gani, ta leƙa ta gilashin, ta ga ɗan mutum zaune da kwalli a fuska. Ta daɗe tana kallonsa. Ta girgiza jirgin ta ji gero. Na ga gefen bakinta yana motsi, tana danne shi. Can sai ta ƙwanƙwasa gilashin da farce ta ce da Fulatanci, "Kai ɗan mutum, kana ji na? Gaya wa mai jirgin nan, tun yana goye a bayana rabon da in ji dariyarsa irin ta yau. Ka ce masa na tsaya a zaure na saurara kafin in shigo." Ta ajiye jirgin a kan tabarma a hankali, ta fice wajen Dada tana faɗan wai gidan duk warin fetur.

Baba bai tashi daga durƙuson ba sai da aka jima. Ya share ido da hannun riga, ya ce wa Malam matuƙi gam ɗin nan yana sa hawaye. Na ji tausayinsa, sa'an nan tsoro ya kama ni. Ashe shi ma jira yake yi, har gemu ya yi fari bai samu ba. Na ce a raina, wato ni ma haka zan tsufa ke nan?

Saura fenti. Babu shi a kwalin, sai Baba ya samo ragowar na wani mai rubutu a jikin manyan motoci, muka tsinka shi da kananzir. Muka yi wa bayan jirgin ruwan ƙasa da kore kamar yadda yake a hoto, cikinsa baƙi. Akwai wasu 'yan tambura da ake jiƙawa a ruwa su saɓule daga takarda a manna a fukafukai, amma Baba ya ce tambarin Turawa ne, an wuce wannan zamanin. Da gashin kaza na zana masa kore da fari da kore. Na riƙa jan aikin da gangan, in ce wannan gefen bai bushe ba, wancan yana son a sake, domin na san ranar da jirgi ya ƙare ba ni da sauran dalilin zama a ɗakin nan. Baba bai taɓa cewa a yi sauri ba. Shi ma wani lokaci sai ya gano wani ɗan tabo da ni ban gani ba. Duk da haka ya ƙare, ana jibi tafiyata. Muka rataye shi da zare a jikin azara, yana juyawa a hankali. Baba ya ce, "Malam matuƙi, a gaya wa masu aiki sun yi ƙoƙari." Na jira ko akwai ƙari. Ya ɗauki butarsa ya fita alwala.

Ranar tafiya, Bappa, ƙanen Baba, shi aka ce zai raka ni. Uba ba ya rakiyar 'yar fari, wannan ko tambaya ba a yi. Tun da sassafe na ji ƙarar kekensa ya fita aiki kamar kowace rana. Na zauna a kan akwatina na ƙarfe na yi kuka mai isata, kukan haushi, har Dada ta ce in zan tafi da wannan fuskar gara in zauna. Na ce a raina shi ke nan, na faɗi. Ya tafi da hirarsa wajen ɗan roba.

Lokacin babu gada, da jirgin fito ake haye Binuwai a kama hanyar Girei. Ruwa ya ja baya, sai an taka yashi mai nisa kafin a kai inda jirgin yake tsayawa. Wajen cike yake, masu kifi, masu shanu, matan Girei da ƙoren nononsu, manyan motoci a jere suna jiran layi. Bappa ya sauke mini akwati a gefe ya ce in zauna a kai kada in motsa, zai je ya ga direban motar da za mu shiga.

Ina zaune ina wasa da yashi da ƙafa sai na hango babbar riga da na sani. Baba ne, da alƙalami a bayan kunne, yana zagaya wasu buhuna yana tattaɓa su kamar aiki ya kawo shi. Buhunan gawayi ne fa, kamfaninsu kuwa ba ya sayen gawayi. Yana taɓawa yana matsowa, yana taɓawa yana matsowa, har ya iso inda nake. Na zamo daga kan akwati na durƙusa. Ya waiga neman Bappa, babu shi. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Babu katanga, babu darbejiya, ba kowa sai baƙin fuskoki da yashi. Na ga yana murza hannuwansa.

Sai ya sunkuyo, ya dube ni. Ni fa, cikin idona. Ran nan na fara sanin cewa akwai ɗan tabo a girarsa ta hagu. Ya ce, "Ke." "Kin karya kumallo kuwa?"

Wayyo Allah! Abin da na yi ta ƙulle-ƙulle a kansa, na saci sojoji, na juya wutsiya, ga shi an miƙo mini a gaban jama'a. Kunnuwana suka yi zafi, harshena ya yi nauyi, wata irin kunya da ban san ina da ita ba ta taso tun daga tafin ƙafata ta rufe ni. Na kasa riƙe idonsa. Na ja mayafi na rufe fuska, na juya ga akwatin ƙarfen nan na ce masa, "A gaya masa na karya."

Baba ya fashe da wata dariya da ta sa matan nono suka waiwayo. Ya riƙe ciki, alƙalami ya faɗo daga kunnensa. Ni ma ta ƙwace mini a cikin mayafi, ina dariya hawaye na zuba, ban san wanne ya fi yawa ba. Ya ɗan bubbuga murfin akwatin da tafin hannu ya ce, "To, an ji. A kula da ita." Bappa ya dawo ya same mu haka, ya tambayi abin da akwati ya yi. Aka busa usur, muka shiga jirgi.

Baba ya rayu har ya ga 'ya'yana sun girma, bai sake yi mini magana kai tsaye ba, ni ma ban sake nema ba. Amma na ji da kunnena, kuma ni ya tambaya. Abin da har yau yake sa ni dariya ya kuma sa ni ƙwalla shi ne, tambaya ɗaya tak ya taɓa yi mini a duniya, ni kuma ƙarya na aika masa. Ko ruwa ban sha ba ran nan.